Kwamfutar Da Ba A Kashewa

Ƙarfe takwas saura na safiyar Asabar Yaya ta kira ni. Ba ta tambayi yadda na kwana ba. Cewa ta yi in zo shago yanzu, in taho da duk karatun da na yi.

Shagon nata ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu na wani dogon gini, tsakanin mai gyaran waya da wani ofishin da ban taɓa ganin an buɗe ba. Ɗinkin bajo take yi, na makarantu da na masu gadi da na ma'aikatan otal. Injin ɗinkin ya cinye rabin ɗakin. Sauran rabin akwai teburin yanka, da almakashi da alli da wani tsohon faifan sidi da take ɗorawa a kan yadi tana zana da'ira. A lungu kuma akwai ƙaramin tebur, nan kwamfutar take. Tsohuwar laftof ce mai kauri kamar ƙamus. Ita ke gaya wa injin inda allura za ta sauka.

A bango, daidai samanta, mijin Yaya ya manna takarda kafin ya rasu. Layi uku ne da rubutun hannunsa. Kada a kashe ta. Kada a haɗa ta da intanet. Kada a bar kowa ya taɓa.

Ranar da na fara ganin takardar, sati biyu da dawowata daga karatu a ƙasar waje, dariya na yi. Yaya ta yi mini bayani tana warware zare, ko kallona ba ta yi ba. Manhajar da ke riƙe da zanukan ba ta buɗewa sai an soka mata wani ɗan makulli mai kama da filashi. In ta buɗe, ba ta sake nemansa. Makullin ya ɓace ranar da suka tare a wannan shagon, kamfanin da ya yi manhajar kuma ya daɗe da rufewa. Saboda haka shekara uku ke nan ba a kashe kwamfutar ba. Kullum da yamma Yaya takan danna maɓallin da ke ƙasan allo, zaɓi uku su fito: kashewa, sake kunnawa, barci. Ta zaɓi barci. Idan an ɗauke wuta da rana, ko allura na cikin yadi takan bari ta ruga ta kwantar da ita, don batirin ya gama yawo. A farke minti bakwai yake yi. A barci yakan kai kwana ɗaya da wuni. Zane ɗari uku da goma sha ɗaya ne a cikinta, kusan duk aikin marigayi. Da su Yaya take ciyar da gidanta.

Ranar Juma'a da la'asar ta fita kai aiki, ta bar ni gadin shago. Tun da na dawo ba ni da sana'a sai aika takardu da jiran amsa. Na zauna ina kallon kwamfutar tana nishi kafin ta buɗe zane ɗaya. Shekara shida na yi ina karanta waɗannan abubuwa a ƙasar da ake jefa irin wannan a bola. Na ce bari in rage mata kaya. Na cire tarkacen manhajojin da masu ƙera ta suka cusa mata, guda goma sha wani abu. Allon ya yi duhu sau ɗaya ya dawo. Manhajar zane ban taɓa ta ba. Da Yaya ta bugo ta ce in rufe shago ba za ta dawo ba, na kifa murfin na tafi, ina ganin na yi abin kirki.

Yanzu ga ta tsaye a kan kwamfutar, jakarta ma ba ta ajiye ba.

"Taɓa nan, Auta."

Na taɓa. Zafi rau, fankar ciki tana ta ƙugi. A farke ta kwana. Da an ɗauke wuta cikin dare ko na kwata ɗaya, da magana ta ƙare.

Ta danna maɓallin ƙasan allo. Zaɓi biyu suka fito, kashewa da sake kunnawa.

"Ina na ukun?"

Na ce zan duba. Ta sake tambaya, wannan karon a hankali, ko na taɓa. Na ce na ɗan share mata datti ne kawai. Ta ɗaga kai ta dubi takardar bango, ta dube ni, ta ajiye jakarta.

Ba sai ta tuna mini da sanarwar ba. Sati guda ke nan tana manne a ƙofar ginin: za a canja taransifoma, za a yanke wutar unguwar gaba ɗaya daga ƙarfe biyu na ranar Asabar zuwa safiyar Litinin. Shirin Yaya mai sauƙi ne. Ta kwantar da kwamfutar, ta sa ta a jaka, ta kai ta gida ta jona. Gidanta tafiyar awa ɗaya da kwata ce in hanya ta yi kyau. Minti bakwai ko bakin titi ba zai kai mu ba.

Na ja kujera. Na ce wannan ƙaramin abu ne, wani ɗan akwati ne a cikin saitin wuta da ake sa wa alama, barci ya dawo. Na shiga saitin. Akwatin babu shi. Ba a cire masa alama ba, shi kansa ne babu. Na duba abin da murfi ke yi idan an rufe, nan ma barci ya fita daga jerin. Na gwada wasu hanyoyi biyu da na sani. Shiru.

Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta ce bajon makarantar da ke kan allo ya zama ƙwai, da kuwa zagayayye ne. Rubutun ma ya kumbura. Na ce ba wannan ce matsalar ba, ta bari in yi tunani.

Ba ta bari ba. Ta ce in tashi. Akwai hanyar fitar da zane zuwa filashi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka fitar ba a iya ƙara masa girma ko canja masa suna, amma injin zai ɗinka shi yadda yake. Kowane ɗaya yana cin minti biyar zuwa shida. Ta yi shekara uku tana cewa za ta yi, aiki bai bar ta ba. Na ce in ta ba ni awa ɗaya ba za ta buƙaci haka ba. Ta ce jiya ma awa ɗaya ta ba ni.

Muka yi yarjejeniya. Ita ke kan kujera tana fitar da zane, ni in yi bincike a wayata. Idan ina da abin gwadawa ta tashi minti biyar, ba ƙari. Ta ɗauko littafin oda tana bi da yatsa, tana zaɓar waɗanda ba za ta iya rasawa ba. Duk lokacin da na karɓi kujera ba ta iya zama haka. Sai ta koma teburin yanka, ta ɗora faifan nan a kan baƙin yadi, ta zagaye shi da alli, ta matsa gaba ta sake. Ƙarar allin tana shiga mini har haƙori.

Wajen ƙarfe goma mai gyaran waya ya leƙo da kofin shayi a hannu. Mutum ne mai ƙiba da ba ya wuce ƙofa a buɗe. Ya saurari labarin yana gyaɗa kai kamar likita.

"Injiniya, kashe ta ka kunna mana. Rabin aikina ke nan, a kai nake cin abinci."

Yaya ta nuna masa takardar bango da almakashi. Ya karanta, ya ce Allah ya jiƙan maigidan nan, ya san mutane. Sannan ya dube ni ya ce garin neman gira ke nan. Na tambaye shi janareta. Ya ce nasa yana wurin bakanike tun watan jiya, an buɗe masa ciki an manta yadda ake rufewa. Na mai ɗab'i da ke ƙasa kuwa ya ƙona caja uku a sati ɗaya, in muna son kashe ta da wuri sai mu jona. Na kira wani abokina mai na'urar da ke ba da wuta daga batirin mota. Ya yi tafiya, sai Talata.

Sha ɗaya saura na karɓi kujera, na buɗe baƙar tagar da ake rubuta umarni, na tambayi kwamfutar da kanta irin barcin da take iya yi. Ta ce babu ko ɗaya. A ƙasa ta ba da dalili a kalma ɗaya: allo.

Na daɗe ina kallon kalmar. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke tafiyar da allo, masu gyara suna ce mata direba. Tana cikin tarkacen da na cire jiya, na ga sunan kamfani a jikinta na ɗauka talla ce. Da na cire ta, kwamfutar ta koma kan wani direban wucin gadi, wanda ya iya nuna hoto amma bai iya kashe allo ya tashe shi ba. Shi ya sa ta janye barci gaba ɗaya. Shi ya sa kuma bajo ya zama ƙwai.

Na gaya wa Yaya. Ta tsaya da alli a hannu.

"Wato abin da na faɗa maka tun ƙarfe takwas."

"Shi ne."

"To tashi, minti biyar ɗinka ya cika."

Na fita baranda neman sabis. Shafin masu ƙera kwamfutar ya daina ajiye komai na wannan samfurin. Na samu direban a wani shafi mai cike da talla, ya yi minti arba'in yana sauka a waya, ina tsaye jikin ƙarfen baranda ina kallon motar ma'aikatan wuta tana ja da baya a titi. Sun riga sun iso. Ɗaya yana ɗaure igiya a gindin falwaya.

Na tura fayil ɗin cikin kwamfutar ta igiyar caji, na buɗe. Shafin farko ya ce idan an gama sakawa kwamfutar za ta sake kunna kanta. Maɓalli biyu ne, ci gaba da fasawa. Yatsana ya riga ya sauka a kan na farko, saboda shekara shida na yi ina danna irinsa ba tare da karantawa ba. Na ɗaga shi. Na fasa.

Na kwashi fayil ɗin zuwa shagon mai gyara, na farke shi a kwamfutarsa, na ciro ainihin direban ba tare da abin da ke sakawa ba. Yana gefena yana ba ni labarin wani da ya wanke wayarsa da ruwan zafi. Na dawo, na roƙi minti biyar, na nuna wa laftof ɗin inda direban yake. Ta duba ta ce ba nata ba ne. Na sake. Ta sake cewa ba nata ba ne. Lamba ɗaya ta bambanta samfurin da nata, ban lura ba.

Ƙarfe ɗaya saura kwata. Yaya ta fitar da zane talatin da biyar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi. Ta zauna tana bin littafin oda, tana tsallake sunaye. Na ji tana cewa a ƙasa-ƙasa, wannan makarantar sai dai haƙuri, wannan otal ɗin ma. Mutanen da suka yi shekara takwas suna kawo mata aiki ne take sokewa da farce.

Na tsaya a bakin ƙofa na tambaye ta ko kwamfutar ta zo da wani abu lokacin da aka saya. Kwali, takardu, ko me. Ta ce kwalin ya daɗe da yagewa, takardun ɓera ya ci a tsohon shago.

"Faifai fa?"

"Wane faifai?"

Sai ta juya ta dubi teburin yanka. Ni ma na duba.

Tun safe yake gabana. Na ɗauka. Gefensa duk alli ne, almakashi ya ciccije bakinsa. Fuskar da ake rubutu ta koɗe, amma da na karkata shi wajen taga na karanta lambar samfurin, daidai da wadda ke ƙarƙashin laftof ɗin. Yaya ta ce guda uku ne da, marigayi ya ba ta su ranar da ta ce tana neman abin zana da'ira. Faɗinsu daidai da babban bajon kafaɗa. Biyu sun karye, wannan ya rage. Ba ta taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Na wanke shi da ruwan gora, na goge da ƙyallen da ta ce ya fi laushi a shagon. Abin da ya ɗan ba ni fata ɗaya ne. Faifai daga tsakiya ake fara karanta shi, cizon almakashin kuwa duk a baki yake.

Na danna maɓallin aljihun faifai a gefen kwamfutar. Ya yi ƙara bai fito ba. Shekara da shekaru ba a buɗe shi ba. Akwai wani ɗan rami kusa da shi da ake sokawa. Na nemi tsinke, Yaya ta miƙo mini karyayyar allurar inji daga gwangwanin da take tara su. Na soka, aljihun ya turo kai da ƙura da guntun jan zare. Na hura, na sa faifan, na tura.

Ya juya, ya yi gurnani, ya tsaya. Babu komai. Na fitar, na sake gogewa daga tsakiya zuwa baki, na mayar. Mai gyara ya dawo ya tsaya a ƙofa. Faifan ya juya, ya yi kamar zai tsaya, sai jerin fayiloli ya bayyana.

Ban taɓa abin sakawar da ke kan faifan ba, na san shi ma zai nemi sake kunnawa. Na bi ta bayan gida, na nuna wa kwamfutar jakar direban allo da hannu. Ta duba. Ta ce ta gane shi. Saura dannawa ɗaya.

Na ɗauke hannuna na juyo. Na gaya wa Yaya gaskiya. Allon zai mutu na ɗan lokaci. Manhajar zanen tana iya jurewa, tana iya faɗuwa. Jiya ta jure, amma jiya ban san caca nake yi ba. In ta faɗi, abin da ke filashi shi ne kawai.

"In ba ka danna ba fa?"

"Biyu da minti bakwai ta mutu."

Ta dubi agogon bango. Biyu saura ashirin da biyar. Zane arba'in da ɗaya ta fitar. Ta ce in matsa, akwai ɗaya da take so. Na ɗauka na farkon da marigayi ya zana ne, wata karkatacciyar fulawa da ta taɓa nuna mini. Ba shi ta zaɓa ba. Bajon wani kamfanin masu gadi ne da ke da oda ranar Laraba. Muka tsaya mu uku muna kallon layin yana cika har minti shida. Ta zare filashin, ta ɗaure shi a bakin gyalenta.

"Danna."

Na danna. Allon ya yi baƙi. Ina jin fankar ciki, ina jin ma'aikatan suna kiran juna a titi. Na ƙirga har ashirin da biyu. Allon ya yi walƙiya, ya sake mutuwa, ya dawo. Rubutu ya koma ƙanana. Manhajar tana nan. Bajon da ke kan allo zagayayye ne.

Yaya ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta danna maɓallin ƙasa. Zaɓi biyu. Kashewa, sake kunnawa.

A daidai nan fankar sama ta fara rage gudu, fitilar injin ɗinki ta mutu. Biyu saura minti goma sha biyu. Mai gyara ya leƙa baranda yana zagin mutanen da ba su taɓa zuwa da wuri ba sai yau.

Na shiga saitin wuta. Kwamfutar ta yi nishinta na kullum kafin ta buɗe shafin, wannan nishin da na so in raba ta da shi. Alamar batir ta riga ta koma ja. Akwatin da na nema da safe yana nan yanzu, babu alama a cikinsa. Na sa, na adana, na janye hannuwana duka biyu na ɗora a cinya.

Ta sake dannawa. Zaɓi uku. Ta zaɓi na ukun. Allon ya mutu, fankar ta yi shiru, wata 'yar fitila a gaba ta fara ƙiftawa a hankali. Na ce ya kamata mu gwada ko za ta tashi. Ta ce da wane batirin. Ta rufe murfin, ta naɗe ta a ragowar yadi, ta sa a jaka.

A mota a cinyarta ta riƙe jakar. Tafiyar ta ɗauki awa ɗaya da rabi. Sau uku ta zuge zif ta leƙa fitilar. Sau ɗaya ta ce in gaya wa mai motar ya bi ramuka a hankali.

A falonta ta ture kayan makarantar yara daga kan tebur, ta jona caja, ta jira fitilar caji ta kama. Sannan ta ɗaga murfin. Baƙi. Ta taɓa maɓalli ɗaya. Fankar ta yi tari, allon ya haska, bajon masu gadi yana inda aka bar shi.

Ta zauna a kujera ta cire takalmi. Ta daɗe tana murza ƙafa. Daga baya ta ce in ciro mata faifanta, akwai bajo sittin da za ta yanka gobe. Na ce ta bari in kwafe abin da ke ciki tukuna, in samo mata murfin gwangwani mai faɗinsa. Ta ce ba murfin da ya kai shi daidai, amma za ta ba ni aronsa ranar Litinin, in kwafa a kwamfutar mai gyara, ba a wannan ba.

"Litinin ɗin kuma ƙarfe takwas ina jiranka. Saura ɗari biyu da sittin da tara, tunda hannunka na ƙaiƙayi."

Na ce to. Na ce in ta ba ni kujerar zan iya gama su a kwana huɗu.

"Wa ya ce za ka zauna a kujerar? Ni zan danna. Kai biro za ka riƙe, ka riƙa soke suna a littafi."

Ta miƙo mini karyayyar allurar, ta tsaya a kaina har na ciro faifan, sannan ta ja laftof ɗin zuwa ɗaya gefen teburin.